Gyara

Matatar tana can, tafiyar yini da ɗoriya,
ni kuwa ina Hotoro, bene na biyu,
tsakanin fanka mai tari da kwamfuta mai gyangyaɗi.
Sau ɗaya na ga wutar da ke ci a saman bututunsu,
ranar da aka ɗauke ni aiki.
Tun daga nan sai takarda.

Injiniyoyi su dafa, su tace, su ware:
fetur gefe, gas gefe, kananzir,
kwalta can ƙasa kamar ƙanzo.
Amma tuwo ko ya tuƙu
sai da mai kwashewa.
Mu ne mara, mu ne akushi,
mu ke faɗin nawa, ga wa, yaushe,
mu ke bin bashin da ya tsufa har ya yi furfura.

Lita dubu talatin da uku a cikin tanka ɗaya,
ta wuce ta ƙarƙashin alƙalamina
ban ji ko warinta ba.

Babana kuwa ana jin zuwansa tun daga lungu.
Malam Ɗanlami mai kananzir, bakin kasuwar Rimi,
jarka biyu, mazurari, kwalbar lemo.
In ya cika kwalba sai ya ƙara ɗigo uku,
ya ce: wannan ba na ciniki ba ne.
Na duba allon kwamfutata sama da ƙasa,
akwai gidan haraji, gidan dako, gidan ragi ga manya,
babu gidan gyara.

Ran Alhamis bayan la'asar saƙo ya faɗo:
sha biyun dare farashi zai tashi.
Kafin in haɗiye yawu waya ta ɗau zafi.
Masu gidajen mai goma-goma,
kowa ya tuna cewa ni ɗan'uwansa ne,
wani ma ya tambayi lafiyar mahaifiyata
shekara shida bayan mun kai ta makwanci.

A ƙasan tulin akwai fayil ɗin Sale Kurna.
Famfo biyu gare shi, ɗaya ma ya mutu.
Ya biya kwana tara da suka wuce,
kuɗin har da na filin da ya sayar a Rijiyar Zaki.
Direbansa Ilu ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin tanka,
ya ci bashin mai shayi har mai shayi ya daina gaishe shi.
In dare ya raba takardar ba hatimi,
sai Sale ya ciko abin da ba shi da shi.

Sai sabis ya ɗauke.

Hajiya Baturiya ta rataya jaka,
ta ce: Tasi'u, gobe ma rana ce.
Na ce: ba ga kowa ba, ranki ya daɗe.
Ta dube ni. Ta ajiye mini makulli.

Na yi magariba a kan kwali, na yi isha,
janareta na gurnani, sauro na karɓar nasa kason.
Ban tsallake da kowa ba, ban danne kowa ba,
layi dai na bi, yadda aka zo.
Sha biyu saura kwata allon ya farka.
Na buga. Na sa hannu.
Na leƙa taga na kira Ilu,
ya tashi da takalmi ɗaya.

A hanyar gida babur ya shaƙe a Unguwa Uku.
Gidajen mai duk sun ja ƙofa, suna jiran safiya.
Ni da na sayar da kogi yau
na tura babur zuwa wurin ɗan bumburutu.

Yaro ne, barci a idonsa.
Ya kafa mazurari, ya juye galan,
ya tsaya,
ya karkata jarka ya ƙara ɗan kaɗan.
Ya zubo mini a hannu.

Ban goge ba.
Haka na shiga gida da warin babana.